Wuta Biyu a Bututu Ɗaya

Mutumin da ya yi mini hanyar zuwa Riyad ya ce tuƙi zan yi, motar gida, in kai yara makaranta in dawo da su. Ƙarya ce, kuma na yafe masa ita tuni. Abin da har yau ban yafe ba shi ne bai faɗa mini ana sanyi a ƙasar nan ba. Riguna marasa nauyi na zo da su, da silifa.

Da muka sauka, bas aka zuba mu aka kai mu Birnin Masana'antu na Biyu, kudu da gari. Babu mota, babu yara. Wani dogon sito ne, ana sauke buhunan siminti da kwalayen tayil. Na nuna wa shugaban leburori lasina, ya juya shi gaba da baya, ya mayar mini, ya nuna mini baro. Na haura arba'in a lokacin. A Gwarzo wutar gidan burodi nake hurawa tun ina saurayi, sai da gidan ya rufe na koyi tuƙi. Ban yi boko mai nisa ba, ban san abin da ke cikin takardar da na sa wa hannu ba, kuma ko da na sani da na sa.

A can sanyin ya riske ni. Ɗakin kwananmu na ƙarfe ne, da zafi tanda, da sanyi firji. Alwalar asuba ta zama abin da mutum yake tsayawa ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya buɗe famfo. Wani ɗan Bangaladash da ke gadon da ke sama da nawa ya gan ni ina rawar ɗari, ya cire hular ulu daga kansa ya kifa mini. Ba ma jin yaren juna. An ɗauke shi zuwa wani wurin aiki tun kafin in san sunansa. Hular tana nan a jakata.

Daga baya kamfanin da muke wa aiki ya rasa kwangilarsa, aka bar mu zaune, babu aiki babu sallama. Na tattara na koma unguwar Nasim, wurin wani Badamagare mai suna Lawali da ke tuƙa tankar ruwa. A masallaci muka haɗu, ya ji ina Hausa ya ba ni gefen ɗakinsa.

"Bakano," haka yake kirana, "ku da kuke cika baki kun iya kasuwa, ya aka yi aka sayar da kai da arha haka?"

"Ku ne kuka karya farashi," in ce masa. "Da Badamagare bai riga ni zuwa ba da sun san darajar mutum."

Shi ya haɗa ni da Mu'allim Usman, wani ɗan Sudan mai aikin bututu da tukwanen ɗumama gida. Ni mai ɗaukar masa kaya ne, in riƙe wannan, in miƙo wancan. Amma aikin ba a ƙarƙashin kafilina yake ba, wato wanda sunansa ke kan takardun zamana, kuma iƙamata, katin zaman ƙasar, ta kusa mutuwa. Idan na hango motar 'yan sanda sai in sauya hanya. Ba kafili, ba iƙama. Ba iƙama, jirgi zuwa Kano hannu wofi.

Wata rana da sanyi ya fara leƙowa Mu'allim ya ce in hau mota, za mu wani gida a bayan gari, inda gine-gine suka ƙare yashi ya fara. Gidan wani dattijo ne da ake kira Abu Fahad, da sunan babban ɗansa. Matarsa ta rasu a sanyin da ya wuce, ciwon ƙirji. Shi kaɗai ya rage a gidan, da 'yan itatuwan dabinonsa da wani ɗakin baƙi da hayaƙin shekaru ya baƙanta wa rufi. Fahad, ɗan, ma'aikacin ofis ne, yana zaune a bene a unguwar Malaz, cikin gari. Ya so ya ɗauke uban ya kai shi can, uban ya ce sai dai gawarsa. Sai ɗan ya sa aka kafa masa tukunyar dizal. Tana dafa ruwa, wani ɗan inji yana tura ruwan cikin bututu zuwa wasu ƙarafa da aka manna a bangon kowane ɗaki, gida ya ɗau ɗumi. Da kanta take kamawa, da kanta take mutuwa.

Tsohon ya ƙi ta. Ya ce wutar da ba wanda ya hura ba wuta ba ce. Yana kashe ta, ya kai garwashi ɗakin kwanansa ya rufe ƙofa, har wata rana aka same shi hayaƙi ya bugar da shi. Shi ne Fahad ya kira Mu'allim Usman ya nemi mafita, Mu'allim ya ce a haɗa su: a kawo tukunyar itace, a ajiye ta gefen ta dizal a ɗan ɗakin da ke bayan gida, su shiga bututu ɗaya. Idan ta itace tana ci, ruwa ya yi zafi, ta dizal sai ta yi shiru. Idan itacen ya cinye, ruwa ya fara hucewa, ta dizal ta kama ta ci gaba. Uba ya sami wutarsa, ɗa ya sami barcinsa.

Muna cikin haɗawa Mu'allim yake gaya mini, yana ɗaure bututu:

"Ya Haruna, ta dizal jaki ce, ka ce tsaya ta tsaya. Ta itace ba ta da linzami. Idan ka hura ta, sai ta gama abin da ta fara. Don haka ruwa kada ya daina zagawa. Injin nan idan ya tsaya wuta na ci, ruwan da ke cikinta zai tafasa."

Na ce na sani, na yi zama da wuta. Ranar gwaji ni na jera itacen. Tsohon yana kan kujerarsa da sandarsa yana kallo. Na sa ƙanana a ƙasa, na bar wa iska hanya, ashana ɗaya ta kama. Ya juya wurin ɗansa.

"Wannan nake so. Waɗanda kake kawo mini fetur suke zuba wa itace."

Haka na sami kafili. Fahad ya mayar da takarduna sunansa, aka ba ni ɗaki kusa da ɗakin tukwanen. Aikina wuta, shara, shayar da dabino, da kai tsohon masallaci. A ƙarshe dai na yi tuƙin. Fahad bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Zamanka a nan saboda shi ne. Ranar da ya koma Malaz, babu wurinka a bene."

Ina kiran tsohon Ammi, kamar yadda ake kiran babba a nan. Larabcina na kasuwa ne, nasa na mutanen da, amma muna fahimtar juna a bakin wuta. Yana yawan ƙorafi a kan itacen. Hukuma ta hana saran itacen dajinsu, sai wanda ake shigowa da shi daga waje, kuma a cewarsa ba shi da ƙamshi, kamar a ba ka shinkafa babu gishiri. Duk da haka yana son ya ɗaga murfin ya ga jan garwashi. Abin da ba ya so shi ne ƙarar ta dizal. Gab da asuba, idan itacenmu ya cinye, sai ka ji ta ɗauka, wani gurnani ƙasa-ƙasa. Ranar duk da ya ji ta, a mota ba ya magana.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci abokansa suka zo shan gahawa, tsofaffi irinsa, kowa da alkyabbar sanyi. Tsohon ya ce mini in cika tukunyar itacen, baƙi ba sa zama a wuta kaɗan. Na cika ta. Ina zuba musu gahawa sai ɗaya daga cikinsu, mai ƙaramin gemu da yawan tsokana, ya dafa ƙarfen bango ya ce:

"Masha Allah, ɗumi. To amma wa za mu gode wa, ya Abu Fahad? Kai, ko injin yaronka?"

Aka yi dariya. Tsohon bai yi ba. Ya dogara sandarsa ya fita, na ɗauka bayi za shi. Ya dawo ya zauna ya ce, "Yanzu duk ɗumin da kuka ji nawa ne."

Ban kawo komai a raina ba. Can sai na fara jin bugu a bango, kamar ana dukan bututu da guduma. Na taɓa ƙarfen ɗakin, na ji yana hucewa. Na ajiye buta na ruga baya. Ɗakin tukwanen ya cika da tururi, bawul ɗin da aka sa don irin wannan ya buɗe yana feso ruwan zafi, tukunyar itacen tana girgiza kamar za ta bar wurinta. Kaina bai je kan wutar lantarki ba. Abin da hannuna ya saba na yi: na ɗau shebur na dinga jawo itacen yana ci ina watsawa waje kan yashi, na toshe ƙofar iska. A nan tururin ya same ni a hannun dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwa.

Na kira Mu'allim a waya da hannun hagu. Ya ce, "Duba makunnin da ke bakin ƙofa." Na duba. A kashe yake. Makunni ɗaya ne ga tukunyar dizal da injin tura ruwan. Tsohon ya kashe injin ɗansa, bai san ya tsayar da ruwan tasa wutar ba.

Baƙin suka watse ba hayaniya. Mai ƙaramin gemun ne ya tsaya ya zuba mini ruwan sanyi a hannu, yana ta neman gafarar Allah. Bayan la'asar Fahad ya iso, Mu'allim a bayansa. Fahad ya dubi ɗakin, ya dubi baƙin itacen da ke warwatse a tsakar gida, ya dubi hannuna.

"Wa ya kashe makunnin?"

"Ban taɓa shi ba," na ce.

"Mutum biyu ne a gidan nan."

"Na sani. Ban taɓa shi ba."

Ban ce ga wanda ya taɓa ba. Ba don kirki ba ne. Na lissafa na ga ko ta ina ni ne a ƙasa. Idan laifin nawa ne, kora. Idan na tsohon ne, za a ce ba ya iya zama shi kaɗai, a kai shi Malaz, ni kuma kora. Tsohon yana zaune a bakin ɗakin baƙi yana jan carbi, bai ɗago ba.

"Haɗa kayanka," in ji Fahad. "Za a kai ka asibiti a duba hannun, daga nan in yi maka takardar fita."

Na shiga ɗaki. Kayana ba su da yawa, da hannu ɗaya ma an gama. Ina saka hular ɗan Bangaladash a jaka na ji muryar tsohon daga waje.

"Bar mutumin nan. Ni na kashe. Gidana ne, bangona ne."

"To shi ke nan, Yuba," in ji Fahad, haka suke kiran uba. "Yau za ka bi ni. Na binne uwata saboda sanyi, ba zan binne ka saboda tururi ba."

Ya kawar da kai daga uban. A nan na gane ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi.

Mu'allim Usman ya yi gyaran murya. Ya ce a raba laifin, nasa kason ya fi girma. Bai kamata ya ɗora injin ruwa da tukunyar dizal a kan makunni ɗaya ba, sauri ya yi. Ya ce zai ba injin layinsa daban, ya sa masa batir ko da an ɗauke wuta, ya kuma fitar da bututu zuwa tankin saman rufi don idan ruwa ya tafasa ya sami inda zai huce. Fahad ya ce idan haka ne a cire makunnin gaba ɗaya, kada kowa ya iya kashe ta dizal.

Ina tsaye a bakin ƙofa da jaka. Wanda aka riga aka kora ba ya tsoron magana. Na ce:

"Idan ka cire, guduma zai ɗauko. Ka bar masa makunninsa, wanda zai kashe ta dizal kaɗai. Mutum a gidansa a ce babu abin da zai iya kashewa?"

"Ya kashe ya kwana cikin sanyi?"

"Wannan kuma tsakaninsa da Allah."

Fahad ya dubi ubansa. Sannan ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Tsakiyar sanyi na tafe. Idan tsohon ya kwanta ciwo saboda ya kashe tukunyar, ba sauran magana, shi Malaz, ni filin jirgi.

Aka yi gyaran. Aka naɗe mini hannu. Tsohon kuwa, ranar da aka miƙa masa makunninsa ya kashe shi, kuma ya bar shi a kashe. Na koma ciyar da wuta kamar mai jego, ina tashi ina ƙara itace da hannun hagu, amma jiki ba na saurayi ba ne, barci yakan ci ni. Kafin asuba wuta ta mutu, gida ya yi sanyi kamar rijiya. Makunnin yana nan a gabana, ɗan yatsa ɗaya ya isa. Na sha tsayawa ina kallonsa. Amma ni na ce a bar masa, kuma da na taɓa zai ji ƙarar.

Lawali ya zo duba ni da tankarsa, ya kawo mini kilishi da wani ya taho masa da shi daga Damagaram.

"Bakano, ka kunna abin nan mana idan ya yi barci. Ina wayon naku?"

"Kunnensa ya fi na kare."

"To ka fara koyon gaisuwar filin jirgi."

Sai tsohon ya fara tari. Kaɗan-kaɗan da farko, daga baya har a sahu ana juyowa ana kallonsa. Wata rana da hantsi muna zaune a bakin tukunyar, ya yi wani tari mai tsawo, na jira ya gama na ce:

"Ya Ammi, tarin nan naka tikitin jirgina ne."

Ya harare ni. "Kanka kake ji."

"Kaina nake ji. Ina da mata da 'ya'ya. Kai idan an kai ka Malaz gado mai laushi za ka samu."

"Kabari mai lif," ya ce. Ya juya garwashi da ƙarfe. "Ka san abin da ta dizal take ce mini idan ta kama? Tana cewa, kwanta tsoho, ba a bukatarka."

Ban yi niyyar ba shi labarina ba, amma ya fito. A makon nan na kira gida, matata take gaya mini Sani, babban ɗana, ya sauke rufin ɗakina da ke yoyo ya sa sabon kwano. Da gumin kansa, yana gyaran babura. Ba wanda ya tambaye ni. Maimakon in sa masa albarka sai na hau faɗa, wa ya ba shi izini, ni na mutu ne? Na kashe wayar. Kwana na yi ina jin haushi, alhali shekara nawa ina cewa zan gyara rufin ban gyara ba.

"Ya kyauta ko bai kyauta ba?" tsohon ya tambaya.

"Ruwa ya daina zuba a kan uwarsa."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Shi ne amsar da nake da ita."

Ya mayar da murfin tukunyar. Ni kuma na tafi shayar da dabino. Na ɗauka maganar ta bi iska, har na fara tunanin abin da zan faɗa a Gwarzo idan aka gan ni da tabon ƙuna da jaka ɗaya.

Bayan kwanaki kaɗan aka yi wani sanyi da ban taɓa jin irinsa ba, ruwan da ke cikin tiyo a tsakar gida har ya yi ƙanƙara. Na makara, kiran sallah ne ya tashe ni. Na zabura, na san wuta ta mutu tuni. Amma ɗakina da ɗumi. Na kasa kunne, sai na ji gurnanin nan ƙasa-ƙasa ta bango.

Na fita. Ƙofar ɗakin tukwanen a buɗe. Makunnin a kunne. Tsohon yana kan kujerarsa cikin alkyabba, ya buɗe tukunyar itace yana jera ƙanana a ƙasa, yadda ya ga ina yi. Bai juyo ba.

"Kada ka tsaya kallona. Miƙo manyan. Idan tamu ta kama waccan za ta rufe bakinta."

Na miƙa. Ashanarsa ta farko ta mutu, ta biyu ta kama. Muka tafi masallaci muka dawo, muna shan gahawa a bakin wutar, can ta dizal ta yi shiru da kanta. Ya ɗaga yatsa sama, alamar in saurara.

"Ka ji? Ta san babba ya tashi."

Tun daga ranar haka muke. Yini namu ne, har zuwa inda itacen ƙarshe ya kai. Abin da ya rage kafin asuba nata ne. Bai taɓa ambaton makunnin ba, ni ma haka. Tarin ya ɗauki lokaci kafin ya tafi, amma ya tafi. Na kira Sani na tambaye shi irin kwanon da ya sa, ya faɗa mini, na ce mai kyau ne. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan, kuma ina jin ya gane.

Ranar Juma'a Fahad ya zo. Ya gaida ubansa, ya sumbaci kansa, ya saurari numfashinsa kamar ba saurara yake ba. Sannan ya zagaya baya, na bi shi. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin tukwanen yana kallon makunnin.

"Wa ya kunna?"

"Ban taɓa shi ba," na ce.

Ya dube ni, ya dubi wajen ɗakin baƙi inda tsohon ke faɗa da mai ƙaramin gemu a kan wanda ya fi iya gahawa. Ya miƙo hannu.

"Kawo iƙamarka. Ta kusa ƙarewa, gobe zan sabunta."